Abin Da Ke Danne Kabejin Nainai

Ku matso kusa, 'yan uwa, yau bakina cike yake. Masu turo saƙo kuna tambaya ko ɓata na yi, ban ɓata ba, kunya ce ta zaunar da ni kwana biyu. Wanda kuma yau ya fara leƙo shafin nan, sannu da zuwa. Sunana Dou Yanni, ina tallar rumman ɗin gonarmu ta waya a nan Lintong. Shekarata ashirin da tara, amma in Mama tana son ɓata min rai talatin ce, in kuma akwai baƙi ashirin da shida. Mu uku ne a gida: ni, Mama, da Nainai, wato kakata wadda ta haifi babana marigayi. Saurayina kuwa Pei Songlin, wanda Mama ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "mai tonon kabarin nan".

Shi fa ba kabari yake tonawa ba. Sojojin yumɓun nan da ake haƙowa daga ramukan da ke gefen kabarin Sarki, ba wanda ke fitowa a tsaye, duk a farfashe suke fitowa. Songlin yana cikin masu zama su haɗa su gutsure-gutsure da gam. Na yi wa Mama wannan bayanin ya fi sau ɗari. Amsarta ɗaya ce:

"Kayan waye?"

"Na Sarki."

"Sarkin yana da rai?"

"Mama, shekara dubu biyu da..."

"To kayan mamaci ne. Ki rufe min baki."

Wata takwas ke nan Songlin yana zuwa gidanmu, kuma bai taɓa taka tsakar gida ba sai ya tsallake kaskon wuta a bakin ƙofa, irin yadda ake yi in an dawo daga binne gawa. Da Mama ta ji ƙarar babur ɗinsa za ta hau fifita gawayi. Wando biyu bawan Allah ya ƙona. Kwanonsa daban, ta ɗiga masa jan fentin farce a gindi don kada ya gauraya da namu, in ya tafi kuma ta dafa kwanon da tsinkayen cin abincinsa kamar tana dafa ƙashi. Shi ko a jikinsa. Ya zauna ya naɗi taliya mai faɗi da kabejin tsamin Nainai, ya miƙa kwano ya ce, "Ayi, a ƙara min." Ni ce dai abin ke ci.

Ranar Laraba da ta wuce muna ɓare rumman, Mama ta ajiye wuƙa ta ce, "Saura kwana goma bikin cikar wata. Likita Gong zai zo gaisuwa da iyayensa. Na gaji da ɓarnar gawayi."

Likita Gong likitan haƙori ne a Xi'an, ƙawar Mama ce ta samo shi. Sau ɗaya muka haɗu, ya kalli bakina ya fi yadda ya kalli fuskata.

Na ce, "Mama, shi ma ai rami yake tonawa."

"A bakin masu rai! Kuma yana wanke hannu."

Na san me za ku ce, don kun sha faɗa a ƙasan shafi: Yanni, ke ba yarinya ba ce, ki ja Songlin ku je ofishin rajista mana. Gaskiyarku, ba dokar da ta hana ni. Amma tun da Baba ya rasu ina 'yar shekara goma sha ɗaya, matar nan ita kaɗai ta riƙe gona, ta riƙe ni, ta riƙe surukarta. Ba zan iya sa jar rigar amarya tana ɗaki tana kuka ba. Ina son Songlin, ina son uwata, kuma kwana goma ne suka rage min. Na shiga banɗaki na rubuta masa:

*Kwana goma. In ba ka yi wani abu ba, 'ya'yana za su tashi ba su san daɗin alewa ba.*

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin alamar. Can sai ga shi:

*Ki kawo Ayi ta ga wurin aikina ranar Lahadi. Na nemi izini, an ba ni. In ta gani da idonta za ta san ba gawa a ciki.*

*Ba za ta zo ba.*

*Ki ce mata akwai hoto kyauta.*

Kun ga, ya fi ni sanin ta. Amma ba hoton ne ya kai ta ba. Cewa ta yi za ta je don ranar da ta kore shi kada wani ya ce ba ta yi adalci ba.

Ranar Lahadi, in kun ga shirin Mama sai ku rantse yaƙi za ta. Jar singileti a ciki, jar safa, jan zare a wuyan hannu. A jakarta akwai tafarnuwa kai uku, ɗan madubi, da ƙullin ɗanyar shinkafa. A sama kuma ta ɗora rigar sanyinta mai ruwan hoda ta zuwa biki, duk da ranar da ake ƙwallawa, ta sa gashi ya sha naɗi. Ni farar riga na ɗauko, ta fizge ta daga hannuna.

"Fari? Zuwa kabari? So kike su ɗauka makoki kika zo su biyo ki?"

Na koma na sa mai fulawa rawaya. Muna shirin fita sai ga Nainai a tsakar gida da sandarta, ta sa takalmin ƙyallenta baƙi na fita unguwa.

Bari in gaya muku wace ce Nainai. Shekararta saba'in da takwas, tsayinta bai wuce kafaɗata ba, haƙoranta huɗu, kuma ba a taɓa kayar da ita a gardama ba. Abu biyu ne ba a taɓa mata a gidan nan. Na farko randar kabejinta da ke lungun kicin. Ita ke yanka kabejin, ita ke zuba gishiri, ita ke ɗora dutsen dannewa, wanda kullum a naɗe yake cikin tsumma, ita ke ɗebowa a kwano ta miƙo. Mama ta shekara talatin da ɗaya a gidan ba ta taɓa ɗaga murfin ba. Na biyu, hular kakana marigayi. Tana kan adaka a ɗakinta, a ɗore kan wani dunƙulen abu da aka lulluɓe da shuɗin ƙyalle, wai kututturen ice ne don kada hular ta lotse. Kowace safiya sai ta gaya wa hular yadda gari ya waye da wanda ya ɓata mata rai jiya. Yawanci Mama ce.

Mama ta ce, "Ma, ina kuma za ki? Akwai tafiyar ƙasa da yawa."

"Ƙauyenmu zan gani. Kafin a tashe mu a gina musu rumfa, a can na yi amarci. Ke lokacin ko majina ba ki iya sharewa ba."

Haka muka cika tasi mu uku.

Abin dariya, gidanmu bai kai tafiyar minti goma da wurin ba, amma cikinmu ba wadda ta taɓa shiga. Wannan na baƙi ne. Mu namu mu sayar musu da rumman a bakin titi, mu nuna musu hanyar banɗaki. Mun wuce tudun kabarin Sarki da itatuwansa, Mama ta kau da kai ta ɗaga madubi ta taga. Direba ya ce, "Yaya, ki sauke, kina kashe min ido."

Songlin na jiranmu a ƙofar ma'aikata, ya sa riga mai guga, katin aikinsa na lilo a wuya. Ya rusuna.

"Ayi, sannu da zuwa. Nainai, sannu da ƙoƙari."

Mama ta ce "Hm," ta ɓoye hannunta a aljihu don kada ya yi gigin taɓawa.

Da muka shiga babbar rumfar, ni dai sai da numfashina ya tsaya. Warin danyar ƙasa, hayaniyar mutane kamar tashar jirgi, sannan a ƙasa ga su nan sahu-sahu, ɗaruruwa, kowa da fuskarsa, kowa da irin ɗaurin gashinsa, duk suna kallon gabas. Na juya in ga Mama. Ta rufe ido ɗaya da tafin hannu tana leƙe da ɗayan.

"Wancan na uku," ta ce a hankali, "ba mijin Guifen mai tofu ba ne?"

Na duba. Wallahi shi ne, har tumbin.

Kafin in gama dariya ta zaro ƙullin shinkafa ta kai hannu za ta watsa cikin ramin. Songlin ya yi wuf ya tare da ƙirjinsa, shinkafa ta zube masa cikin riga. Wani mai gadi ya taho da sauri, Songlin ya daga masa hannu yana murmushin dole: "Tawa ce, abincin rana ne." Duk sauran yinin in ya taka sai ka ji shinkafa na zuba daga ƙafar wandonsa.

Nainai ba ta kalli sojojin ba sam. Rufin take kallo, da kusurwoyi, tana auna wani abu da sandarta.

"Can," ta ce, "wajen jan bokitin can, nan bishiyar gidan su Cuilian take. Nan kuma gonarmu ta fara."

Ya zagaya da mu ta baya inda ake kan haƙa. Mutum biyar a durƙushe cikin rami, sun sa takunkumi, kowa da ɗan tsinken gora da burushi. Wata yarinya tana share kunnen wani soja da ya leƙo daga ƙasa, kumatunsa da sauran jan fenti. Ɗaya na fesa masa ruwa, ɗaya na tsaye da leda a hannu.

Songlin ya ce, "Da launi aka binne su, Ayi. Amma da iska ta taɓa fentin, kafin ki gama shan shayi ya nannaɗe ya zube. Shi ya sa ake rufewa da sauri."

Mama ta ce, "Tun yaushe take kan kunnen nan?"

"Tun ranar Alhamis."

"Uwarta ta sani?"

Daga nan muka shiga ɗakin da suke kira asibiti. Aka ba mu ledar sawa a takalmi. Tebura dogaye, fitilu masu haske, gutsattsarin yumɓu a jere kowanne da lambarsa. A tsakiya wani soja na kwance a kan katifa, an ɗaure shi da maɗauri, dogo, mai gashin baki, fuskarsa kamar ta wanda aka tasa daga barci. Yadda Songlin ya kalle shi, ni ma bai taɓa kallona haka ba, na faɗa masa daga baya.

"Wannan nawa ne. Gutsure ɗari da tamanin da shida, shekara uku ina haɗa shi. Gurgu muke ce masa. Komai ya samu sai ƙafar hagu da rabin dakalin da yake takawa. Mun tankaɗe ƙasar wurin kaf, babu. Ba zai iya tsayuwa ba."

A bayan Gurgu akwai wani a tsaye, cikakke, sai dai daga wuya zuwa sama ba komai. Songlin ya ce, "Wancan kuma mun cire rai da kansa." Nainai ta tsaya gaban marar kan ta daɗe, ta yi tari, ta wuce.

Songlin ya ɗauko wata farar ƙafa daga kan tebur. "Wannan ta roba ce, na'ura ta kwaikwayi ta daman ta juya ta. In shekara ta ƙare ba mu samu ta gaskiyar ba, da irinta zai tsaya."

Nainai ta miƙa hannu. Ya ba ta don ladabi. Ta jinjina ta, ta juya ta, ta taɓe baki.

"Wannan ai wasan yara ne. Ba nauyi. Ta gaskiyar sai ka sa hannu biyu."

Songlin ya yi dariya. "Haka ne, Nainai, yumɓu ya fi..."

"Kuma na'urarku ta yi ƙarya. Igiyar takalmin ba nan ta kwanta ba, ta wancan gefen ta faɗo. Akwai tsaga a dunduniya. A ƙarƙashi kuma akwai ɗan rubutu, rabi ya gutsure." Ta dangwarar da ita. "Wannan ko ganyen latas ba za ta danne ba, balle kabeji."

Jama'a, ɗakin ya yi tsit. Ina jin shinkafa tana faɗuwa daga wandon Songlin ɗaya-ɗaya. Ya je wajen Gurgu, ya sa safar hannu, ya leƙa ƙarƙashin rabin dakalin da ya rage, inda maginin ya buga hatiminsa. Rabin rubutu ne. Ya ɗago fuskarsa ta yi fari fat.

"Nainai... a ina kika ga ta gaskiyar?"

"Yau da safe ma na ɗaga ta. Me kake tsammani ka ci da taliya ranar Talata?"

Mama ta ce, "Ma, wane irin wasa ne wannan?"

"Ina wasa da ke ne?"

Ban san yadda muka fito ba. Na dai san mu huɗu muka cusa kanmu a tasi, Songlin a gaba rungume da akwati mai soso a ciki, ba mai magana. Wayata ta yi ƙara. Daga kujerar gaba yake rubuto min:

*Cikin ruwan gishiri?*

*Da barkono,* na mayar masa.

*Shekara nawa?*

*Tun kafin a haifi babana.*

Na ga ya jingina goshinsa da gilashi.

A ƙofar gida Mama ta hura kasko, don yau dukkanmu daga kabari muke. Muka tsallake ɗaya bayan ɗaya, Nainai ma aka riƙe ta ta tsallaka tana mita. Muka wuce kicin. Nainai ta naɗe hannun riga, ta ɗaga murfin randar, tsami ya bugi hancinmu. Ta zura hannu biyu, Songlin na cewa "A hankali, Nainai, don Allah a hankali," ta ciro dutsen ta ɗora a kan allon yanka albasa, ta warware tsumman.

Ƙafa ce. Ƙafar hagu, cikin takalmi mai faffaɗan baki, igiyarsa a ɗaure, a kan rabin dakali. Ga tsagar a dunduniya. Ganyen kabeji ɗaya ya maƙale a idon sawun.

Songlin ya durƙusa a ƙasan kicin ɗinmu da wandonsa mai guga. Ya cire ganyen da yatsa biyu kamar mai cire ƙaya daga ido. Hawaye na gani, ban sani ba na murna ne ko barkono.

"Gishiri ya shige ta ko'ina," ya ce. "Sai mun jiƙa ta a ruwa mai tsabta shekara ɗaya, ko biyu. Amma ita ce. Nainai, ita ce."

Sai muka ji ƙaf. Mama ce ta zauna a kan buhun fulawa.

"Shekara talatin da ɗaya," ta ce. "Safe da yamma."

Nainai ta ce, "Da cikin Yanni ma ba abin da kike iya riƙewa sai shi. Har romon kike shanyewa. Yarinyar nan da shi aka gina ta."

Mama ta miƙe ta fita da gudu. Muka leƙa ta taga. Tana bakin ƙofa tana tsallake kaskon, ta dawo ta sake tsallakewa, rigar bikinta na kaɗawa, maƙwabta sun fara fitowa kallo. Na ƙirga bakwai. Nainai ta buɗe taga ta ɗaga murya:

"Ki daina ƙona safa! Wutar ba ta kaiwa cikin ciki!"

Da ta dawo gashin nan da ya sha naɗi ya kwanta. Ta tsaya a gaban Songlin, karo na farko ta kalle shi ido cikin ido.

"Mutuwa za mu yi?"

"Ayi, ƙasa ce aka gasa, kamar randar kanta. Ni ma wata takwas ina ci, ina neman ƙari."

Ta juya ga surukarta. "Ma, me ya sa? Duwatsu sun ƙare a duniya ne?"

Nainai ta zauna a kan 'yar kujerarta, ta goge hannu a cinya. Muryarta ta sauka.

"Shekarar farin nan, kowa na haƙa rijiya a gonarsa. Kakan Yanni ya yi kwana tara yana haƙa, bai samu ruwa ba, sai wannan. Lokacin wa ya san Sarki na da sojoji a ƙarƙashin alkamarmu? Tsofaffi suka ce dodon tukwane ne ke shanye ruwan, a farfasa. Shi kuwa ya ce abin da wani ya zauna ya yi wa igiyar takalmi ba za a fasa shi ba. Ya saɓo ta a kafaɗa ya kawo min, ya ce ga dutsen randa, tunda kin dame ni. Da ma'aikata suka zo tattara abin da aka samu, na ji tsoro na yi shiru. Bayan shekara huɗu ya kwanta bai tashi ba. Daga nan kuma ba tsoro ba ne." Ta kalli ƙafar. "Mutumin nan bai taɓa saya min ko ɗan kunne ba. Wannan ya kawo min."

Ba wanda ya ce uffan. Ni dai na share ido da bayan hannu, na manta na taɓa barkono, na ƙara wa kaina aiki.

Songlin ya ce, "Nainai, dole in sanar. Wanda ya miƙa da kansa ba a yi masa komai, har takardar yabo ake ba shi. Amma ba zan iya ɓoyewa ba."

"Wa ya ce ka ɓoye? Na ga mai ita a kwance kamar mara lafiya. Shekara uku! Ka kai masa abinsa ya tashi."

Mama ta buɗe kabad. Ta ɗauko kwanon nan mai jan fenti a gindi, ta juya shi, ta kalli randar, ta kalli ni da aka gina da romo. Sai ta cusa shi tsakiyar kwanukanmu, ta ɗebo huɗu ba tare da ta duba gindin ko ɗaya ba.

"Xiao Pei, tashi daga ƙasa ka wanke hannu."

Xiao Pei! Saura kaɗan in yi guɗa. Ta harare ni.

"Ban ce na yarda ba. Cewa na yi ya ci abinci. Likita Gong na nan zuwa, na riga na ba mutane baki."

Zuciyata ta koma inda ta fito. Nainai ta dube ta, ta dube ni, ta dogara sandarta ta miƙe.

"Ku biyo ni."

Muka bi ta ɗakinta. Ta tsaya gaban adaka, ta ɗauke hular kakana ta rungume a ƙirji, ta ce, "Tsoho, ka yi baƙi." Sannan ta janye shuɗin ƙyallen.

Ba kututture ba ne.

Kai ne, na yumɓu, da tukkun gashi a gefen dama, da siririn gashin baki, idanunsa a ɗan lumshe kamar mai shirin yin tsokana. Mama ta ƙwalla ƙara ta maƙale a bayana. Songlin ya dafa bango.

"Rijiya ɗaya, rana ɗaya," in ji Nainai. "Ba mu taɓa ɗaukar hoto ba, ni da shi. Amma ku dubi hancin nan. Ku dubi bakin. Duk wanda ya san shi ya san shi ne."

Na duba, sai na ga hancin Baba. Na ga nawa.

Songlin ya haɗiye yawu. "Nainai... wannan ma yau zan faɗa. Doka ce."

"To doka ta zo ta ɓamɓare shi daga hannun tsohuwa, a ɗauka a waya kowa ya gani. Ƙafa na ba ka kyauta. Shi kuwa shekara hamsin yana jin labarin gidan nan, ya ji haihuwar yarinyar nan, ya ji mutuwar ubanta. Ba inda za shi sai ya ga jar takardar aurenta da idonsa. Ranar da kuka ajiye ta a kan adakar nan, kai da ita, ranar za ka ɗauke shi. In kuwa mai haƙori ne ya kawo, to yana nan tare da mu har in mutu, in na mutu kuma na bar wa surukata gado."

Mama ta leƙo ta kafaɗata. Ta kalli kan. Ta kalli bangon da ke bayansa, wanda gadonta ke jingine da shi ta ɗaya gefen, shekara talatin da ɗaya. Na ji yatsunta sun nutse a hannuna.

"Yanni."

"Na'am, Mama."

"Ofishin rajistar nan, ƙarfe nawa suke buɗewa gobe?"

"Tara."

"Ku je takwas ku kama layi."

Songlin ya kalle ni, na kalle shi, shinkafa ɗaya ta faɗo daga wandonsa. Ina so in yi tsalle, ina so in yi ihu. Amma sai na ga Nainai ta juya mana baya. Ta mayar wa kan hularsa, ta gyara mata zama, ta goge masa kumatu da bakin hannun rigarta, ta daɗe tana gogewa ko da yake ba ƙura.

"Ka ji ko, tsoho?" ta ce. "Saura kwana ɗaya. Gobe da safe zan gaya maka yadda gari ya waye, jibi kuma sai ka tambayi 'yan uwanka."